Baturan Dije Mai Ƙyanƙyasa

Duk wanda ya ce sakacin Dije ne ya kashe ƙwan zabin matan Wurogauri, ya zo ya maimaita a gabana. Ni Zulai, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata a Kalgo, kuma tare muke a hanya lokacin da aka yi mata wannan aika-aikar a bayan idonta. Ita ta zaɓi ta yi shiru. To ni ban yi wa kowa alkawarin shiru ba.

Dije 'yar ruga ce, cikin Fulanin da suka zauna a makiyayar gefen Gwandu suka haɗa kiwo da noma. Mahaifiyarta ta tara zabi da yawa, kuma duk wanda ya taɓa kiwon zabuwa ya san halinta. Ta je can cikin ciyawa ta zuba ƙwai, ta ɗan kwanta, ganye ya motsa ta firgita, ta yi gaba abinta. Shi ya sa ake kwashe ƙwan a sa wa kaza ta yi kwancin. Tun Dije na yarinya ita ce mai bin zabi cikin gero da damina har ta gano maɓoyarsu, ita ce kuma ta san kazar da za ta zauna da wadda za ta gaji ta tashi. Da aka kawo ta Kalgo gidan Haliru, da kwandon ƙwai ta zo cikin kayanta, mutane na ta dariya.

Haliru manomin shinkafa ne a fadama, mutumin kirki, ba ya faɗa ba ya zagi. Amma irin kirkin nan ne da ba ya iya ce wa kowa a'a, in ba matarsa ba.

Shekarun baya aka yi wani horo na mata a garin, aka koya musu aiki da injin ƙyanƙyasa. Wani akwati ne mai kama da ƙaramin firij, sai dai shi ɗumi yake riƙewa, yana juya ƙwan da kansa, kusan wata guda kafin zabi su fito. Yawancin matan da aka ba injin, kwanukan tangaran suke ajiyewa a ciki yanzu. Dije kuwa ta ɗauki abin da gaske. Zubin farko ta cika shi da ƙwanta, sai wutar unguwarmu ta yi halinta, a kawo da safe a ɗauke kafin azahar, a yi kwana biyu ba labari. Ƙwan nan duk ya ruɓe. Warin har ɗakina, sai da na toshe hanci na leƙa na ce mata don Allah ta haƙura ta koma wa kajinta. Ta shirya ta tafi Gwandu, ta sayar da karsanar da mahaifinta ya ba ta lokacin aure, ta dawo da manyan batura biyu da na'urar da ake kira inbata. In akwai wuta su sha su ƙoshi, in an ɗauke su karɓa nan take, injin bai ma san an yi wani abu ba. Ku riƙe wannan da kyau, don nan gaba za ku ji ana cewa kayan gida ne. Karsanarta ce, ba ta gida ba.

Daga nan sai aiki ya kankama. Labari ya kai Dangoma, ya kai Wurogauri. Ranar kasuwa za ka ga mata sun shigo da ƙwarya a kai, ƙwai kwance cikin ƙaiƙayi, kowacce ta yi wa nata shaida, wata da gawayi, wata da lalle, wata da shuni. Dije ta haska kowane ƙwai da tocila ta ware marar ɗa ta mayar wa mai shi tun a nan, kada a zo ana zargi daga baya. In an ƙyanƙyashe a bar mata rabonta cikin 'yan tsakin, mai ƙwai ta kwashi sauran. Babu takarda, babu shaida, amana ce kawai. Ga mace a ƙauye kuwa zabin damina ba abin wasa ba ne. Su ne atamfar salla, su ne maganin yaro, su ne abin da za ta fita kunya da shi in bikin 'yar uwa ya taso ba sai ta jira miji ya ga dama ba. Wadda ta fara kawowa daga Wurogauri wata tsohuwa ce, Inna Delu, mai kaifin baki da kaifin ido. Da ta ga 'yan tsakinta sun fito ras, ita ta riƙa jan sauran mata a baya.

Ana cikin haka aka kafa wa unguwarmu sabuwar taransfoma. Gaskiya wuta ta gyaru, sai a yi kwanaki ba ta ƙifta ba. Nan fa Sirajuddeen ya samu abin faɗa. Shi ƙanin Haliru ne, sakataren kwamitin unguwa, mutum mai son lasifika kamar me. Ko suna aka yi, in bai riƙe makirfo ba abinci ba ya yi masa daɗi. Ya shigo gidan wata rana da yamma, ina zaune ina tsince wake, ya tarar da Dije tana goge kan batura. Ya fara irin wasan nan na ƙanin miji, wai matar yaya har yanzu tana bautar tulunan wuta, duniya ta wuce nan.

Ashe wani shiri ya ji a rediyo kan tashar wuta ta nukiliya, wadda ake ta maganar ƙasar nan za ta gina wata rana. Ya zauna ya zayyana mana yadda take, wai in an kunna ta haka za ta yi ta zuba wuta dare da rana, ba ruwanta da ƙarancin ruwa a dam, ba ruwanta da gas. Wai ga taransfoma ta zo, ga nukiliya na tafe, batir ya zama kayan gwangwan. Abin haushin shi ne shirin nan tare da Dije muka saurare shi, rediyonta a kan taga. Shi farkon ya ji ya tashi ya tafi majalisa ya ba da labari. Mu da muka zauna har ƙarshe mun ji mai bayanin ya ce ai ita tashar tafiya ɗaya take yi, alhali buƙatar mutane hawa take da sauka, da tsakar dare kowa na barci, da magariba kowa ya kunna. Don haka har a ƙasashen da ke da irin tashar ana gina wuraren tara wuta, a ajiye rarar lokacin da ba a buƙata a sake ta lokacin da aka matsu. Ya ce kuma komai ƙarfin tasha, wuta ta waya take biyowa, waya kuwa iska na kayar da ita, mutum ma na iya katse ta. Dije ta faɗa masa haka a hankali, kanta a ƙasa. Ya yi dariya ya ce ashe matar yaya ta zama injiniya, ya ɗebi gyaɗa ya fita.

Tsakiyar damina goggon Dije ta rasu a Gwandu, wadda ta riƙe ta tana ƙarama. Injin kuwa cike yake maƙil, rabi na matan Wurogauri, sauran na Dangoma, kuma kwanakin ƙarshe ne. In ka kara kunne a jikin ƙwai kana jin ɗan tsakon yana motsi. Dije ta rasa yadda za ta yi, amma gaisuwar wadda ta goya ka ba a aika ta. Ta zuba ruwa a farantin injin, ta duba batura sun cika, ta ce wa Haliru ba ta roƙe shi ya yi komai ba, abu ɗaya ne, kada a taɓa. Ya ce haba, shi yaro ne? Na raka ta muka tafi, da niyyar kwana biyu.

Abin da ya faru bayanmu, maigidana ne ya faɗa mini, don yana wurin, kuma shi ma ya sha nasa a bakina. Kwamiti ya shirya bikin buɗe taransfoma, za a kawo wani babban baƙo daga birni. To taransfomar nan ta yi makonni tana aiki. Sai masu hikima suka zauna suka ce ai bai dace baƙo ya zo ya tarar da wuta a kunne ba, me zai buɗe? Suka sa aka sauke fis tun da sassafe, unguwa ta yi duhu, don in ya iso a mayar, a yi tafi, a ɗauki hoto. Kun ji fa. Wutar da muka shekara muna roƙo, da hannunmu muka kashe ta don a yi mana bikin kawo ta.

Sai kuma aka tuna lasifika na buƙatar wuta. Wani ya ce a ɗauko janareta. Sirajuddeen ya ce ina, a bikin wutar da ba ta ɗaukewa a ji janareta na ruri a bayan rumfa, ai an tozarta kwamiti. Abin da ba ya ƙara ake so. Wato shi da ya ce batir kayan gwangwan ne, da buƙatarsa ta taso bai manta gidan da suke ba. Ya shigo da mutum biyu na kwamiti da manyan riguna, ya ce wa yayansa aron awa biyu ne kawai, kafin azahar baƙo ya zo an mayar da wuta, injin ya ci gaba abinsa. Haliru ya ce mai ɗakin ta ce kada a taɓa.

Sirajuddeen ya dubi mutanen da ya zo da su ya yi murmushi. "Yaya, gidanka ne ko nata?"

Shi ke nan. Wannan tambayar ce ta kashe ƙwan, ba sanyi ba. Haliru da hannunsa ya kwance wayoyin, ya ɗauko bargo ya lulluɓe injin, wai ya riƙe ɗumi.

Azahar ta yi babu baƙo. La'asar ta yi, sai hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka aiko cewa baƙo ya ɗage sai gobe. To a mayar da fis mana? A'a, wai wanda ya sauke ya tafi, kuma ruwa ake yi, kuma ma in an mayar yau gobe sai an sake saukewa, a bari kawai. To a mayar wa matar mutane baturanta? Su ma an riga an loda su cikin motar mai lasifika tare da kayan sauti don kada su jiƙe, shi kuma ya kulle ya wuce gidansa a wata unguwa. Haliru ya kira ƙaninsa, aka ce masa ya kwantar da hankalinsa, ƙwai ai ba jariri ba ne. Ita Dije ba wanda ya kira ta. Na tambayi maigidana me ya hana shi, shi da yake da lambata, ya ce bai so ya shiga maganar gidan wani ba. Wallahi ranar sai da na kasa cin abinci don takaici.

Ruwan nan bai tsaya ba sai washegari, garin ya yi sanyi ƙalau. Mu kuwa muna Gwandu muna karɓar gaisuwa. Da muka dawo da la'asar, tun daga bakin titi muka ji muryar Sirajuddeen tana tashi tar a lasifika, yana yi wa baƙo kirari, yana cewa daga yau duhu ya ƙare a unguwar nan, kuma in tashar nukiliya ta zo jikokinmu ba za su san mene ne ɗauke wuta ba. Dije ta ce mini muryar ta fita da kyau, ko wane janareta suka samu marar ƙara haka? Ban sani ba, na ce mata.

Ta shiga ɗaki ko mayafi ba ta cire ba. Ta ga bargo, ta ga wayoyi biyu a ƙasa inda batura suke zama. Ta buɗe injin ta sa tafin hannunta, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a kunne, ta ajiye, ta ɗauki wani. Ni na fita tsakar gida na fara, ban bar kowa ba, har da wanda ya haifi kwamitin. Haliru na tsugune a gindin rumbu kamar wanda aka yi wa mutuwa. Dije ta leƙo ta ce in bar faɗan in taimake ta da kaji.

Gida gida na bi ina neman kaza mai kwanci. Matan unguwa, Allah ya saka musu, duk mai ita ta ɗauko har da akurkin. Muka dafa ruwa muka ɗura a kwalabe muka jera cikin injin, muka naɗe wasu ƙwan a zani muka rungume a jikinmu. Muna cikin haka aka yi tafi a waje, ƙwan fitilar ɗakin ya kawo, injin ya ɗauka da kansa. Baƙo ya buɗe wuta. Dije ta dubi fitilar nan, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jera ƙwai.

Mun jira iya jira. Cikin injin da ke cike maƙil, 'yan tsakin da suka fito ba su cika tafin hannu biyu ba, su ma wasu ƙafa a shanye. Sauran da Dije ta fasa don ta tabbatar, ga ɗa nan cikakke, da gashinsa da bakinsa, har wasu sun fara huda ɓawon. Ban taɓa ganin ta yi kuka a gaban mutane ba, ko a gidan rasuwar ma daurewa ta yi, amma ranar ta zauna a ƙasa ta yi shi sosai. Baturan kuwa sai bayan kwanaki aka dawo da su a bayan babur, an tatse su ƙarƙaf don mai lasifika ya ƙara da su wani biki, tun daga nan ba su sake riƙe wuta kamar da ba. Sirajuddeen bai zo da kansa ba. Da ya haɗu da yayansa a masallaci cewa ya yi ƙaddara ce, kuma ai kayan gida aka ara aka yi wa unguwa hidima.

Na ce wa Dije mu je wurin mai unguwa, a tara kwamitin nan su biya mata mutane. Ta ce in aka je can, tambayar farko ita ce wa ya kwance wayar, kuma ita ba za ta tsaya a gaban maza ta nuna uban 'ya'yanta da yatsa ba. Na ce to ki faɗa wa matan gaskiya ko a ɗaki ne. Ta ce maganar da ta shiga ɗaki ɗaya a Wurogauri kafin magariba ta zaga kasuwar Kalgo, Haliru ya daina fita ke nan. Shi da ya kasa kare mata injin na yini ɗaya, ita ce za ta kare masa fuska har abada. Na yi faɗa har muryata ta dishe, ba ta canza ba.

Ta kwashe 'yan zabinta na zubin baya, rabonta da ta tara tun farkon damina, ta zuba a kwando. Muka hau babur muka fara da Dangoma, sannan Wurogauri, gida gida. Duk inda muka shiga sai ta durƙusa ta faɗi magana ɗaya.

"Laifina ne. Na yi tafiya ban duba baturana ba. Ku yafe mini."

Ina tsaye a bayanta ina cizon leɓe, don ta sa na rantse ba zan buɗe baki ba a ranar. Wata ta karɓi 'yan zabin ta ce Allah ya kiyaye gaba. Wata ta ƙi karɓa, ta juya mana baya. Wata yarinya mai jego da ta kawo ƙwanta karo na farko, hawaye kawai take. Wata kuma sai da ta bari mun kai zaure ta ce, da ƙarfi don mu ji, dama an ce abin bature ba ya da amana, ga shi mai shi ma ba ta da ita.

Gidan Inna Delu muka je ƙarshe. Tana zaune a kan tabarma tana tsefe kaba. Dije ta durƙusa ta faɗi abin da ta saba faɗa. Tsohuwar ba ta ɗago ba sai da ta gama zaren da ke hannunta. Ta sa aka kawo mana nono, ta tambayi rasuwar goggo, ta yi addu'a mai tsawo. Kwandon zabin kuwa ta tura shi gefen Dije da ƙafa ta ce ta mayar, ita ba ta cin kayan marar laifi. Ashe jikanta yana wurin bikin, ya ga baturan a ƙarƙashin teburin lasifika, ya kuma san na waye.

"Ɗiyata, tashi ki zauna sosai. Na san ba ke ba ce, kuma ba zan faɗa wa kowa ba tunda haka kike so. Hannunki ban taɓa shakkarsa ba. Amma ɗakin da ba ke ke da ikon ƙofarsa ba, ba zan sake kai ƙwaina ciki ba."

Dije ta ɗauki kwandonta muka tashi, don babu ƙarya a maganar tsohuwar. Inna Delu ta rako mu har bakin hanya tana sa mana albarka. Bana zabi sun yi ƙwai sosai a Wurogauri, har araha ya yi a kasuwa. Ko ƙwarya ɗaya ba ta shigo gidan Dije ba.